Makarantun Tsarin Ingila a Ƙasashen Waje: Abin da Ya Kamata Uwa Ta Sani Kafin a Sa Hannu

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi 'yan'uwanmu mata waɗanda aikin maigida, ko karatu, ko kasuwanci ya kai su zama a Jidda, Riyad, Dubai, Doha, Alƙahira ko Malesiya, da kuma waɗanda suke shirin tafiya. Ke ma da kike zaune a gida kada ki ce bai shafe ki ba, domin yau da wuya a sami zuriyar da ba ta da ƙanwa ko 'ya a ɗayan waɗannan garuruwa, kuma idan ta rikice ke za ta bugo wa waya.

Ya ke 'yar'uwa, da zarar an sauka an kama gida, maganar da take biyo baya ita ce makarantar yara. Makarantun gwamnatin ƙasar da Larabci ko wani harshe suke koyarwa, wasu ma ba sa ɗaukar ɗan baƙo cikin sauƙi. Sai abokan aikin maigida su ce a kai su makarantar tsarin Ingila, ai Turanci ne, kuma takardarta ana karɓarta ko'ina. Wannan gaskiya ne. Sai dai akwai tambaya guda da nake so ki riƙe tun daga nan: asalin waɗannan makarantu an kafa su ne saboda 'ya'yan Turawan da suke aiki a kamfanonin mai, bankuna da ofisoshin jakadanci, don yaro ya ci gaba da karatu kamar yana Landan, ranar da iyayensa suka koma gida ya shiga aji ba tare da tangarɗa ba. To, ke naki yaron ina zai koma? Amsar wannan ita za ta nuna miki abin da za ki ɗauka, da abin da za ki cike da kanki.

Tsarin ba baƙonmu ba ne ɗungurungum. Kafin a kafa hukumar WAEC a 1952, jarrabawar Jami'ar Cambridge ce 'yan sakandare suke zaunawa a Nijeriya, shi ya sa har yanzu za ki ji wani dattijo yana cewa ya ci Cambridge. Amma tun daga wancan lokaci hanyoyi sun rabu.

Yadda tsanin yake

A Ingila shekarar karatu a watan Satumba take farawa, kuma shekarun haihuwa ne suke raba aji. Yaron da ya cika shekara 4 kafin 1 ga Satumba yana shiga ajin share fage. Daga nan sai aji na 1, a yi ta ƙirgawa ba yankewa har aji na 13. Firamare ita ce aji na 1 zuwa na 6. Sakandare tana farawa a aji na 7, yaro yana da shekara 11. A aji na 10 da na 11 ake karatun jarrabawar IGCSE, a zauna ta yaro yana wajen shekara 16. Aji na 12 da na 13 su ne na A Level, a gama a shekara 18. Kin ga shekara 13 ke nan, alhali namu na gida 12 ne: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba.

A nan ake yawan samun ɓacin rai. Mu mun saba da tsallake aji. Yaro mai kai sai a ɗauke shi daga aji huɗu ko biyar na firamare a kai shi sakandare, uwa tana murna ɗanta ɗan shekara 10 yana JSS 1. Idan kika kai wannan yaron makarantar tsarin Ingila, fasfo ɗinsa za su duba, su ce firamare zai koma, aji na 6 ko ma na 5. Kada ki ɗauka raini ne ko wariya. Haka suke yi wa nasu 'ya'yan, kuma a ganina suna da hujja. Yaro yana iya fin sa'o'insa lissafi, amma ka zaunar da ɗan shekara 10 cikin 'yan 13 waɗanda suka fara balaga, hirarsu daban, abin da suke kallo a waya daban, cutar da za a yi masa ta fi ribar shekara guda da ake hange. Sannan ko gida za a dawo, hukumar JAMB shekara 16 ta sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Gaggawar ta mece ce?

A ƙananan azuzuwa za ki ga abin da zai ba ki mamaki: yaro ya dawo ba jakar littattafai mai nauyi, ba a ce ya zo na ɗaya ko na goma ba, sai ɗan littafin labari guda da za ki saurare shi yana karantawa. Suna koyar da karatu ta hanyar sautin baƙaƙe, a haɗa sauti da sauti har kalma ta fito. Duk wadda ta yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ta san wannan hanya, kuma ta san tana aiki. Ki ba shi minti goma nan kullum, yana da amfani ƙwarai.

Suna kawai ba ya isa

Kowa yana iya rubuta sunan Birtaniya a allon ƙofar makarantarsa. Akwai rassan tsofaffin makarantun Ingila na gaske, kamar Repton da ta buɗe a Dubai a 2007, da Charterhouse da ta buɗe a Legas a 2024. Akwai kuma waɗanda ba abin da ya haɗa su da Ingila sai tuta da kayan makaranta. Hanyar tantancewa ba wuya. Ma'aikatar Ilimi ta Ingila tana da tsarin duba makarantun waje da ake kira BSO. Ba dole ba ne, makaranta ce take neman a zo a duba ta, kuma ana wallafa rahoton. Ki tambaya ko suna da shi, na wace shekara. Akwai ƙungiyoyi irin su COBIS da BSME waɗanda suke da sharuɗɗan shiga. A Dubai hukumar KHDA tana duba makarantu masu zaman kansu tana ba su daraja, rahotannin suna nan a intanet kyauta. Idan kuma yaronki ya kusa aji na 10, ki tabbata makarantar cibiyar jarrabawa ce mai rajista da Cambridge, ko Pearson Edexcel, ko OxfordAQA, don kada a zo ƙarshe a ce ki nemi inda zai zauna jarrabawa. Tambaya ta ƙarshe, wadda ba sa son ta: malamai nawa ne suka bar aiki bara? Makarantar da malamanta suke sauyawa duk shekara, komai kyan gininta, yaro ne yake biyan kuɗin sauyin.

Shekaru huɗun da ba a wasa da su

Ki ba ni hankalinki a nan, domin a nan ne iyalai da yawa suke asara. Karatun IGCSE dunƙule yake, shekara biyu a haɗe. Haka A Level. Idan aka ɗauke yaro a tsakiyar aji na 10 aka sauya masa ƙasa, sabuwar makarantar tana iya kasancewa da wata hukumar jarrabawa take aiki, littattafan adabin da suka zaɓa daban, wani darasin ma ba sa yin sa. Makarantu da yawa ba sa karɓar sabon ɗalibi a aji na 11 ko na 13 sam. Saboda haka idan kwangilar Abban yara saura shekara guda ta ƙare, kuma babbar 'yarku za ta shiga aji na 10, ku zauna ku yi magana tun yanzu. Ko dai a tabbatar za a kai ƙarshen shekara biyun, ko a dawo da ita gida ta shiga SS 1 a kan lokaci.

A ƙarshen aji na 9 ake zaɓen darussa, yawanci takwas zuwa goma. Za a aiko da takarda ku sa hannu. 'Yar'uwa, kada ki sa hannu don kawai yarinya ta ce ƙawarta ma shi ta zaɓa. Ga dalili. A jarrabawar Cambridge wasu darussa, kamar Lissafi da kimiyya, hawa biyu ne: akwai mai sauƙi akwai mai zurfi. Wanda aka rubuta wa mai sauƙi, ko ya cinye duk tambayoyin, sakamakonsa ba zai wuce C ba. Iyaye da yawa ba sa sanin an sa ɗansu a nan sai sakamako ya fito. Haka kimiyya: ana iya yin Bayoloji, Kemistiri da Fiziks kowanne da kansa, ana kuma iya cure su a darasi guda. Wanda yake son karatun likita a jami'ar Nijeriya ana neman kiredit a waɗannan ukun, kowanne daban, tare da Turanci da Lissafi, don haka curarriyar kimiyya tana iya tare masa hanya. Mai son karatun lauya a gida yana bukatar Adabin Turanci. Shi kansa Turancin iri biyu ne, na 'yan harshe da na masu koyo, kuma ba kowace jami'a ce take ɗaukar su daidai ba. Idan kika ga lambobi a takardar sakamako maimakon haruffa kada ki ruɗe: tun 2017 Ingila ta fara amfani da 9 zuwa 1, tara ce ƙololuwa, huɗu kuma ita ce take kusa da C. Akasin namu ke nan, inda A1 ce sama, F9 ce faɗuwa. Na taɓa jin kakar da ta yi salati ta fara jaje da aka ce mata jikarta ta ci 9.

A matakin A Level darussa uku kacal yawancin yara suke yi, amma ana nutsewa a cikinsu sosai. Wanda bai ɗauki Kemistiri ba ya rufe wa kansa ƙofar likitanci a mafi yawan jami'o'in Ingila tun yana ɗan 16. Ki kuma sani, yin makarantar tsarin Ingila a Doha ko Jidda ba ya sa a ɗauki yaro a matsayin ɗan gida a jami'ar Ingila. Wannan rangwame yana da sharaɗin izinin zama da kuma zaman shekara uku a ƙasar. Idan babu, kuɗin baƙi za a biya, wanda ya ninka na 'yan ƙasa.

Idan kuwa gida aka nufa, hanya biyu ce. Ko ya yi amfani da IGCSE ɗinsa a matsayin kiredit biyar ya zauna jarrabawar JAMB, ko ya gama A Level ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, don haka a yi wa yara ita tun da wuri. Tambayoyin JAMB a kan manhajar gida aka gina su, sai yaro ya zauna ya yi bitar tsofaffin tambayoyi, komai ƙoƙarinsa. Wasu iyayen suna haɗa wa yaro da WAEC ta masu zaman kansu don a sami takarda biyu a hannu, kuma dabara ce mai kyau ga wanda ya san gida zai dawo.

Maganar kuɗi kuwa, abin da aka rubuta a takardar talla ba shi ne duka ba. Akwai na rajista, na ajiya, na mota, na kayan makaranta, na tafiye-tafiye, sannan kowane darasi na jarrabawa da kuɗinsa. Kuɗin yana ƙaruwa yadda aji yake ƙaruwa. Yawancinsu suna neman sanarwar zango guda kafin a cire yaro, in ba haka ba a biya kuɗin zangon. Riyal na Saudiyya da dirhamin Daular Larabawa a ɗaure suke da dala. Waɗanda suke biya daga kuɗin da ake samu da naira sun ji a jikinsu lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Idan kamfani ne yake biya, ki roƙi maigida ya duba yara nawa aka yarda a biya wa, domin an tsara irin waɗannan kwangiloli ne da iyali mai yara biyu ko uku a zuciya, mu kuwa Allah Ya albarkace mu.

Abin da makarantar ba za ta yi miki ba

Dole a yi musu adalci. Suna koya wa yaro ya yi tambaya, ya kawo hujja, ya rubuta ra'ayinsa da kansa maimakon hadda. Ba sa duka. Suna lura da yaron da yake da matsalar karatu ko ji ko gani tun da wuri, abin da mu sau da yawa muke kira daƙiƙanci. Wannan duk alheri ne.

Amma yaron da aka koya wa tambayar dalili a aji, zai kawo tambayar gida. Zai ce me ya sa muke azumi, me ya sa ƙawata ba ta sa hijabi, me ya sa malamin kimiyya ya ce kaza game da asalin halittu. A manhajar Ingila tun aji na 6 ake fara wannan darasi na sauyawar halittu. Idan amsarki ita ce rufe min baki, to ya koyi cewa makaranta tana da amsa, gida ba shi da ita. Wannan shi ne haɗarin da ya fi na kowane biki ko waƙa. Ke ma sai kin koma karatu, 'yar'uwa. Ki karanta littafin kimiyyarsa kafin ya kai babin, ki tambayi malamai masu ilimi, ki ba shi amsa cikin natsuwa.

Tun Satumbar 2020 doka ta wajabta darasin zamantakewa da alaƙa a makarantun Ingila, har da ilimin jima'i a sakandare, kuma a ciki ana maganar nau'o'in iyali da addininmu bai yarda da su ba. Wannan doka ba ta hau kan makarantar da take wata ƙasa ba, dokar ƙasar da take ciki ce take binta, shi ya sa a ƙasashen Larabawa ake cire abubuwa da yawa. Duk da haka haƙƙinki ne ki ce a nuna miki abin da za a koyar a wannan darasi, aji-aji, a rubuce. Ki tambayi yadda ake yin iyo da wasannin motsa jiki, ko ana raba maza da mata, ko an yarda da dogon wando da hijabi. Ki tambayi tafiyar da ake kwana. Ki je ki ga ɗakin salla da wurin alwala da idonki. Shekara 7 da aka umarce mu mu fara sa yara salla ta yi daidai da aji na 3, kuma azahar a makaranta take samun su kusan kullum.

A Daular Larabawa darasin addinin Musulunci wajibi ne ga kowane ɗalibi Musulmi ko a makarantar Turawa, haka Larabci har zuwa wani aji. A Ƙatar ma haka ne. Kada wannan ya sa ki saki jiki. 'Yan darussa ne a mako, ba za su sauke wa yaro Alƙur'ani ba, ba za su gyara masa tajwidi ba. Idan makarantar tana yin Larabci ko darasin Musulunci a IGCSE, duka biyun Cambridge tana da su, ki ƙarfafa masa ya ɗauka. Amma karatun Alƙur'ani a gida za a tsara shi: minti ashirin bayan asuba kafin motar makaranta ta zo ya fi awa biyu da daddare lokacin da yaro ya gaji liƙis. Dogon hutunsu a Yuli da Agusta yake, lokacin da Islamiyyoyi da yawa a gida suke buɗe. Muna karɓar irin waɗannan yara a ajinmu, kuma abin da na lura shi ne suna da saurin fahimta, suna da tambayoyi masu kyau, sai dai harshe ne yake ba su kunya. Sa'o'insu su yi musu dariya sau ɗaya, shi ke nan sun rufe baki.

Wannan ya kawo mu ga Hausa. Wallahi abin tausayi ne kaka ta riƙe waya tana cewa ina angona, jika yana kallon uwarsa ta fassara masa. Wasu iyayen suna daina yin Hausa a gida wai don Turancin yaro ya yi ƙarfi. Babu bukata. Yaron da yake awa bakwai kullum cikin Turanci zai iya shi ko kin so ko kin ƙi, har ya riƙa gyara miki. Hausar ce ba ta da mai tsaya mata sai ke. Ki yi masa magana da ita, ya amsa da ita, a yi tatsuniya, a koya masa gaisuwar safe da ta yamma da yadda ake durƙusa wa manya.

Haka tarihi. Zai zo miki da labarin Rumawa, da yaƙin 1066, da matan Sarki Henry na takwas su shida. Manhajar firamare ta ba makaranta zaɓi ta koyar da tarihin Bagadaza ta wajen shekara ta 900, ko na masarautar Bini, kina iya tambaya ko sun zaɓi ɗaya daga ciki. Amma ba wanda zai gaya wa 'yarki cewa Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Wannan aikinki ne.

Akwai wani ƙaramin abu da yake jawo babbar rashin fahimta. Mu mun tarbiyyantar da yaro ya sunkuyar da kai idan babba yana masa magana. Malamin Bature kuwa yana iya ɗaukar wannan a matsayin rashin gaskiya ko rashin kula. Ki bayyana wa malamin tun ranar taron iyaye na farko, ki kuma bayyana wa yaron cewa kowane wuri da ladabinsa. Ki je taron da kanki ko da Turancinki bai nuna ba, sun saba da iyaye daga ƙasashe barkatai. Sannan ki sani, an horar da malamansu su kai rahoto idan suka ga tabon duka a jikin yaro, ko yaro ya faɗa da bakinsa, kuma ƙasashe irin su Daular Larabawa suna da dokar kare yara tun 2016. Bulalar da ake ɗauka ba komai ba a gida tana iya kai iyali gaban hukuma a can, har ta taɓa takardar zaman maigida.

Game da lokacin jarrabawa, a watan Mayu da Yuni ake yin babbar, akwai kuma ta Oktoba da Nuwamba ga mai son gyara. Jadawalin daga Ingila yake zuwa, makaranta ba ta da ikon ɗaga shi. A 2018 da 2019 azumi ya faɗo a tsakiyarta, a 2025 kuma Babbar Salla ce ta zo ranar 6 ga Yuni ana cikin zangon jarrabawa. Idan kuna da mai aji na 11 ko na 13, ku karɓi jadawalin tun ya fito, ku ajiye shi kusa da kalandar Musulunci kafin a sayi tikitin zuwa gida yin salla.